Sea Dart: jirgin yaƙin da ya tashi daga kan teku ya wuce gudun sauti

Ranar 14 ga Janairun 1953, matuƙin gwaji na kamfanin Convair, E. D. Shannon, wanda aka fi sani da Sam, ya fita da wani sabon jirgi cikin mashigin ruwan San Diego da ke Kaliforniya a Amurka. Aikin ranar bai wuce ya yi gudu a kan ruwa ba, a ga yadda jirgin ke riƙe kansa, ya dawo. Yana cikin gudun sai jirgin ya rabu da ruwa, ya yi tafiyar kusan mita 300 a iska, sannan ya sake sauka. Tashin da aka shirya a hukumance sai 9 ga Afrilu aka yi shi. Jirgin shi ne XF2Y-1, wanda aka laƙaba wa suna Sea Dart, kuma har yau babu wani jirgin da ke tashi daga kan ruwa da ya taɓa wuce gudun sauti in ba shi ba. Biyar kacal aka ƙera, uku suka tashi, ɗaya ya tarwatse a gaban 'yan jarida, kuma babu ko ɗaya da ya shiga aikin soja.

Abin da ya sa aka nemi irin wannan jirgi

A 1948, lokacin da rundunar sojan ruwan Amurka ta nemi kamfanoni su kawo tsarin jirgin yaƙi mai wuce gudun sauti, akwai shakka ta gaske kan ko irin wannan jirgi zai iya aiki daga kan jirgin ruwa mai dakon jiragen yaƙi. Dandamalin manyan jiragen dakon da suka rage daga Yaƙin Duniya na Biyu bai kai mita 300 ba, kuma miƙaƙƙe ne. Jirage na fake a gaba, mai sauka yana shigowa ta baya, shinge ne kawai tsakaninsu. In ƙugiyar wutsiyarsa ta kuskure wayoyin da ke tsayar da shi, to ko dai ya faɗa shingen ko ya afka wa waɗanda ke fake. Injunan jet na lokacin kuma suna da nawa: in matuƙi ya ba da wuta, sai an ɗauki daƙiƙu kafin ƙarfi ya zo. Ga shi fukafukan da suka dace da gudun sauti suna tilasta wa jirgi ya sauka da gudu mai yawa. Na'urar cilla jirgi mai aiki da matsin mai ita ma ta kusa kai iyakarta.

Sai wasu suka ce, to me ya hana a mai da tekun kansa titin jirgi? Ba ya ƙarewa, kuma bom ba ya barin rami a cikinsa. Daga wannan tunani aka tsara rundunar jiragen ruwa masu tashi sama: Martin P6M SeaMaster don kai hari, Convair R3Y Tradewind don dako da ba da mai, Sea Dart kuma don tare jiragen abokan gaba.

Ingila ta riga ta gwada. Jirgin Saunders-Roe SR.A/1 ya tashi ranar 16 ga Yulin 1947 da injuna biyu na Metropolitan-Vickers Beryl, kuma ya yi abin da aka ƙera shi ya yi. Amma cikinsa cikin kwalekwale ne, mai zurfi da faɗi, domin ya ɗaga bakin injin nesa da ruwa kuma ya iya zamewa a kansa. Wannan ƙaton ciki shi ne ya ɗaure shi a gudun da bai wuce kusan kilomita 820 a sa'a ba. Uku aka ƙera, biyu suka salwanta a 1949, ɗayansu bayan ya bugi wani abu da ke yawo a ruwa yayin sauka. Darasin a fili yake: siffar da ke tafiya da kyau a ruwa ba ta ratsa iska da gudun sauti.

Dabarar allon zamiya

Ernest Stout da tawagarsa a sashen binciken ruwa na Convair sun raba aikin gida biyu. Gangar jikin jirgin za ta zama siririya kamar ta kowane jirgin yaƙi, a toshe ta ruwa ba ya shiga, aikinta a ruwa shi ne kawai ta yi iyo in jirgi na tsaye. Gudun kan ruwa kuwa a bar wa alluna biyu dogaye, irin na masu wasan zamiya a bayan kwalekwale mai inji, waɗanda ke fitowa daga ƙarƙashin ciki a kan ƙafafu masu shakazoba, su koma su lafe in an tashi. Rundunar ta ba da kwangilar jirage biyu na gwaji a Janairun 1951, ta kuma ƙara odar guda 12 a Agustan 1952, tun kafin ko ɗaya ya taɓa ruwa.

Tsawon jirgin kusan mita 16 ne, faɗin fukafukansa kusan mita 10. Fiffiken mai kusurwa uku ne, gadon gwajin da Convair ya yi da XF-92A a 1948, kuma babu ƙananan fukafukan wutsiya. Ɓangarori masu motsi a gefen bayan fiffiken su ne ke ɗaga hanci, su ne kuma ke karkata jirgi. Injuna biyu suna kwance a saman baya, bakunan shan iskarsu a bisa fukafukai, bayan ɗakin matuƙi, don fiffiken ya yi musu laima daga feshin ruwa. Birkin iska da ke ƙarƙashin wutsiya yana da aiki na biyu: a ruwa, in an buɗe gefe ɗaya jirgi ya juya, in an buɗe duka biyu ya rage gudu. A ƙarshen kowane allo akwai ƙaramar taya, da wata ta uku a wutsiya, don jirgin ya gangara cikin ruwa daga gangaren siminti ya kuma hau da ƙarfin injinsa. Tayoyin ba na sauka a ƙasa ba ne. An tsara masa bindigogi huɗu masu bakin milimita 20 da rokoki, amma ba a taɓa ɗaura wa ko ɗaya makami ba.

In yana tsaye a ruwa, jirgin nutsewa yake yi sosai, har gefen bayan fukafukan na taɓa ruwa, hanci a ɗan ɗage. Tashi yana bin matakai. Matuƙi zai ba da wuta, allunan na ƙarƙashin ruwa suna tura jirgin sama kamar fiffike. A gudun kusan kilomita 16 a sa'a kawunansu ke ɓullowa, gangar jiki ta fita daga ruwa. Daga nan ana sauya tsayin ƙafafun gwargwadon gudu, domin kusurwar da allo ke buƙata don ya fito daga ruwa daban take da wadda yake buƙata don ya zame a kansa, daban kuma da wadda za ta ba fiffike damar kama iska. Sai gudu ya haura kilomita 200 a sa'a matuƙi zai ja sanda, hanci ya ɗaga, jirgi ya rabu da ruwa. Duk wahalar Sea Dart tana cikin wannan tazara, tsakanin ɓullowar allo da rabuwa da ruwa.

Dukan ruwa

Ruwan teku ya fi iska nauyi sau fiye da 800. A lissafa: a gudun mita 60 a daƙiƙa, wato kilomita 216 a sa'a, matsin da ruwa ke iya yi a kan abin da ya tare shi kai tsaye ya kusa tan 190 a kan kowane murabba'in mita. Allo mai zamewa a kwance ba ya karɓar wannan duka. Amma ko kashi ɗaya cikin goma ya samu, wurin da bai kai rabin murabba'in mita ba, wato bai kai faɗin dadduma ba, ya isa ya ɗauki jirgi mai nauyin tan bakwai da rabi. Wannan shi ne abin da ya sa dabarar ta yi kyau a takarda, kuma shi ne ya zama ciwonta. In ɗan guntun allo ne ke ɗauke da jirgin gaba ɗaya, to duk ƙaramar igiyar ruwa da ta ninka wurin da ya jiƙe ta ninka ƙarfin da ke tura jirgin sama nan take, sannan a bayanta allon ya faɗa cikin kwari ƙarfin ya ɓace. In tsakanin igiya da igiya mita uku ne, a wannan gudu jirgin na shan duka sau 20 a daƙiƙa ɗaya. Duk wanda ya taɓa taka mota da gudu a hanyar burji mai gargada ya san irin abin, sai dai wannan gargadar tana motsi, kuma ba ta maimaita kanta.

Shakazoba irin ta ƙafar jirgin ƙasa an yi ta ne don duka ɗaya mai ƙarfi: taya ta bugi titi, mai ya ratsa ƙaramin rami a cikin silinda, ƙarfin ya zama zafi, ƙafa ta dawo a hankali. Duka 15 ko 20 a daƙiƙa ba ya ba ta lokacin dawowa. A irin wannan sauri man ba ya samun ratsa ramin, sai ƙafar ta sandare ta miƙa dukan kai tsaye ga jikin jirgi. In an buɗa ramin don ta yi laushi, sai ta gaza a saukar farko, lokacin da nauyin jirgi duka ke faɗowa. Ga kuma allon kansa: dogo ne, an riƙe shi a wuri biyu, don haka tsakiyarsa na lanƙwashewa yana kaɗawa kamar tsirkiyar gurmi, yana ƙara nasa rawar a kan ta ruwa. Ɗakin matuƙi kuwa yana can kan dogon hanci, inda kowace girgiza ke ƙaruwa. Matuƙan sun ba da rahoton cewa a tsakiyar gudun ba sa iya karanta agogunan gabansu, gani ma yana dusashewa, a daidai lokacin da ake buƙatar su riƙe fukafukai daidai su kuma ja sanda a kan kari. Gilashin gaban ma ƙarami ne mai tsini, ba ya nuna gaba sosai in hanci ya ɗaga.

Injiniyoyin Convair sun shafe kusan shekara biyu a kan wannan. Sun sauya siffar bayan allunan, domin dakusasshen ƙarshe mai ɗauke da taya yana ƙara dukan, har aka kai ga tsarin da tayar ke juyawa ta kwanta don ƙarshen ya zama mai tsini. Sun yi ta sauya ƙarfin shakazoba. Girgizar ta ragu, amma ba ta kai matakin da za a miƙa jirgin ga matashin matuƙin soja a ce ya tashi da shi kullum ba. A lura kuma cewa yawancin wannan a cikin mashigi aka yi shi, inda ƙasa ta kare ruwa daga manyan igiyoyi. A buɗaɗɗen teku, bayan an wuce tsinin ƙasar Point Loma, dukan ya fi haka muni.

Gishiri ma ya kawo nasa. Duk da laimar fiffike, feshi na shiga injin a ƙaramin gudu. Ruwan ya ƙafe, gishirin ya daskare a kan ruwan wuƙaƙen kwamfuresa, wato sashen injin da ke matse iska, ya ɓata siffarsu, ƙarfin inji ya ragu. Maganin da aka yi shi ne tankin ruwan daɗi a cikin jirgi, wanda ake fesawa cikin injin yana aiki don ya wanke gishirin kafin a ba da cikakkiyar wuta. Ya yi aiki, amma ƙarin nauyi ne da ƙarin bututu a jirgin da dama ƙarfi bai ishe shi ba, ban da tsatsar da ruwan gishiri ke jawo wa duk wani ƙarfe da ya taɓa.

Inji da siffa

An tsara jirgin a kan injin Westinghouse J46, wanda aka yi alkawarin zai ba da tunkuɗar kusan kilo 2,770 kowanne in an kunna wutar baya, wato ƙona ƙarin mai a bututun fitar hayaƙi. Bai kammala a kan lokaci ba, sai aka sa wa jirgin farko J34 mai kusan kilo 1,540. Ke nan da kashi 56 cikin ɗari na ƙarfin da aka lissafa ya fara tashi. Ga jirgin da ke tashi daga kan ruwa wannan ya fi zafi, domin ƙarancin ƙarfi na nufin daɗewa a cikin tazarar dukan. Da J46 ɗin ya iso, shi ma bai cika alkawari ba. Ba Sea Dart kaɗai ya cuta ba, Vought F7U Cutlass ma da shi ya yi ta fama.

Ko da injin ya cika, akwai wata matsalar. An zana jirgin kafin aikin Richard Whitcomb na cibiyar bincike ta Langley ya kai ga masu zane. Whitcomb ya nuna cewa a kusa da gudun sauti, abin da ke ƙayyade turjiyar iska shi ne yadda kaurin jirgi gaba ɗaya, jiki da fiffike a haɗe, ke ƙaruwa da raguwa daga hanci zuwa wutsiya. In ya yi tsalle a wani wuri, turjiya ta yi tsalle. Maganin shi ne a tsuke ƙugun jirgi a inda fiffike ya fi faɗi. Sea Dart kuwa a daidai wannan wuri aka ɗora masa injuna biyu. Ɗan'uwansa na tudu, F-102, ya ci karo da wannan bango a 1953, aka sake masa jiki mai tsukakken ƙugu, ya wuce gudun sauti a miƙe a Disambar 1954. An zana wa Sea Dart irin wannan gyara, da inji ɗaya mai ƙarfi, a ƙarƙashin sunan F2Y-2, amma bai wuce takarda ba.

Saboda haka a miƙe bai taɓa kai gudun sauti ba. Ranar 3 ga Agustan 1954, matuƙin gwaji Charles Richbourg ya hau da jirgi na biyu, YF2Y-1, zuwa kusan mita 10,400, ya ɗan sunkuyar da hanci, ya wuce shi a gangare.

4 ga Nuwamban 1954

Wata uku bayan haka aka tara hafsoshin ruwa da 'yan jarida a bakin mashigin San Diego don nuna musu jirgin. Richbourg ya tashi da jirgi mai lamba 135762, ya zagayo, ya shigo ƙasa-ƙasa a gabansu da gudun kusan kilomita 900 a sa'a. Hancin jirgin ya fara sama da ƙasa, kowane kaɗawa ya fi na baya, cikin daƙiƙu kaɗan jirgin ya tarwatse a iska. An ciro Richbourg daga ruwa, amma bai rayu ba. Shekararsa 31.

Abin da ya faru sananne ne ga masu gwajin jirage na wancan zamani. A ƙasa-ƙasa iska na da kauri, don haka a babban gudu ɗan motsin sanda kaɗan na haifar da ƙarfi mai yawa. Jirgi marar fukafukan wutsiya ba shi da abin da ke kwantar da kaɗawar hanci da sauri. Na'urar matsin mai da ke motsa ɓangarorin fiffike kuma tana da ɗan jinkiri tsakanin hannun matuƙi da amsawarta. In hanci ya ɗaga matuƙi ya tura sanda, kafin umarnin ya isa hancin ya riga ya fara saukowa da kansa, sai turawar ta ƙara masa. Ya ja don ya gyara, ta sake zuwa a makare. Gyaran matuƙin ne ke ciyar da kaɗawar, har nauyin ya wuce abin da ƙashin jirgi zai ɗauka. Allunan suna naɗe a lokacin, ruwa ba shi da hannu a ciki. Hatsari ne da zai iya samun kowane jirgi mai irin wannan fiffike a shekarun nan. Amma a gaban kyamarori ya faru, kuma a kan shirin da dama an fara janye masa kuɗi: tun ƙarshen 1953 rundunar ta fara soke odar jiragen aiki. Bayan hatsarin ba a sake gwajin babban gudu ba, shirin ya koma binciken allon zamiya zalla.

Allo ɗaya

Abin mamaki, a wannan mataki na ƙarshe ne aka fi samun ci gaba. An cire wa jirgin farko allunansa biyu aka sa masa ɗaya, babba mai faɗi, a tsakiyar ciki. Matuƙin gwaji B. J. Long ne ya yi yawancin wannan gwaji daga ƙarshen 1954 zuwa farkon 1956. Da farko ya zo da nasa laifin, jirgi na sukuwa gaba da baya a kan ruwa, sai da aka gyara shakazobarsa. Bayan haka dukan ya ragu ƙwarai fiye da na alluna biyu, kuma jirgin ya iya tashi da sauka a ruwan da ya fi tashin hankali. Dalili ɗaya a bayyane yake: alluna biyu suna cin karo da igiyoyi daban-daban a lokuta daban-daban, suna murɗa jirgi hagu da dama a kan dukan sama da ƙasa, allo ɗaya kuwa duka ɗaya yake karɓa a tsakiya. Kuɗin da aka biya shi ne daidaito, domin jirgi a kan allo ɗaya kamar keke yake, dole matuƙi ya riƙe shi kada bakin fiffike ya nutse. Kuma allon bai iya shigewa cikin jiki gaba ɗaya ba, tunda ba a yi ramin don shi ba. Jirgi na uku ya gwada tsarin alluna biyu na ƙarshe a 1955. A 1957 aka gwada wani ƙaramin allo marar shakazoba, dukansa ya yi tsanani har ba a kai ga tashi ba, daga nan aka ajiye jirgin.

A ganina, ko da allo ɗayan ya zo tun 1953, da wuya ya ceci shirin, domin tambayar da aka ƙera jirgin ya amsa an riga an amsa ta a wani wurin. Sojan ruwan Ingila sun fito da abubuwa uku a farkon shekarun 1950: dandamali mai karkata, inda mai sauka ke bin layin da ya kauce wa jiragen da ke fake, in ya kuskure waya ya ba da wuta ya sake zagayowa, na'urar cilla jirgi mai aiki da tururi, da madubin da ke nuna wa matuƙi kusurwar saukarsa. Amurka ta fara gwada karkataccen dandamali a kan jirgin dako USS Antietam a Janairun 1953, watan da Shannon ya yi tsallensa na bazata. A Maris 1955 Vought F8U Crusader ya wuce gudun sauti a tashinsa na farko, kuma jirgin dako aka yi shi dominsa. A Oktoban shekarar sabon babban jirgin dako USS Forrestal ya fara aiki.

Akwai kuma abin da masu cewa teku titi ne kyauta ba su lissafa sosai ba. Jirgin yaƙi yana buƙatar mai, makamai, makanikai da wurin sauya inji, kuma duk wannan sai an kai masa a kan ruwa mai motsi, ko a ɗaga shi da ƙugiya zuwa kan wani jirgin. Jirgin dako yana juya hancinsa ya fuskanci iska ya ci gaba da aiki a tekun da Sea Dart ba zai iya ko gudu a kansa ba. Itace ɗaya mai yawo ya isa ya kashe jirgi, kamar yadda Ingila ta gani. An ma yi tunanin jirgin ƙarƙashin teku mai ɗaukar Sea Dart uku a cikinsa, amma bai wuce zane ba. Sauran 'yan rundunar ma ba su daɗe ba: an ajiye Tradewind a 1958 saboda matsalar injinsa, aka soke SeaMaster a 1959.

Jirage biyu na ƙarshe an kammala jikinsu amma ba su taɓa tashi ba. A 1962, da Amurka ta haɗe tsarin lambobin jiragen sojanta, wani a ofis ya ba Sea Dart sabuwar lamba, YF-7A, shekara biyar bayan ya daina motsi. Huɗun da suka rage suna nan. Na farkon yana ma'ajiyar cibiyar Smithsonian, ɗaya yana Lakeland a Fulorida, ɗaya a Horsham ta jihar Fensilbaniya, wanda Long ya gwada alluna biyu na ƙarshe da shi kuma yana kan ginshiƙi a ƙofar gidan tarihin jiragen sama na San Diego, a lambun Balboa, 'yan kilomitoci daga mashigin da ya yi gudu a kansa.